Kitsen da Mahauci Bai Gani Ba

Da sunan Allah nake fara wannan rubutu, Shi ne Ya ba ni ɗa kuma Shi Ya karɓi abinSa. Ni mahauci ne, ɗan mahauci, zaune a Talata Mafara. Asalinmu wajen Maradun ne. Ruwan dam ya tashe mu tun ina da ƙarfina, ya ci gonakinmu da kushewun iyayenmu, muka dawo nan da wuƙaƙenmu. Karatuna na boko bai yi nisa ba, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Ba don a tausaya mani nake rubutawa ba. So nake wanda likita ya miƙa wa takardar gwajin jini ya karanta wannan kafin ya yi abin da na yi.

Sunansa Bashiru. Ɗan farina ne, kuma tun da aka raɗa masa sunan bakina bai taɓa kiransa ba, sai yau da hannuna ya rubuta. A gida Magaji muke ce masa. Shekararsa arba'in da ɗaya, matarsa Hajara, 'ya'yansu biyar. Da sassafe muna tare a mayanka, ni da shi da ƙanensa Nasiru. In hantsi ya yi sai ya hau babur ya tafi gonarsa ta shinkafa a bakin kanal, magudanar da ke kawo ruwan dam. Dogo ne siriri, irin wanda in ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. A kan wannan ramar tasa na yi kuskurena.

Abin ya fara ne lokacin dashen shinkafa. Bai faɗa mani ba, Nasiru ne ya gaya mani. Wai in ya ɗauki cinyar saniya daga mayanka zuwa teburi, ko ya tura babur ya hau gaɓar kanal, sai wani abu ya ɗaure masa ƙirji kamar an ja igiya, ya gangara hannun hagu, ya haura har muƙamuƙi. In ya tsaya ya huta sai ya sake shi. Na ce gyambon ciki ne, mutum ba ya karya kumallo sai goro. Aka jiƙa masa kanwa. Mai kemis ya ba shi farin magani na kwalba. Muka yi mako uku a haka.

Ranar wata Talata, kasuwa ta cika, ya taho da cinya a kafaɗa sai ya sake ta ta faɗi ƙasa a gaban mutane. Mahauci ba ya yar da nama a ƙasa. Ya dafa teburi yana zufa, ya ce santsi ne. Na dubi wurin, busasshe ne. Ran nan na yarda a je asibiti.

A wani ƙaramin asibiti a nan garin aka auna shi, aka ce ba hawan jini, ba sukari, sai zazzaɓin cizon sauro da taifot. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka auna a wurin nan aka ce ba shi da taifot ba. Ya sha allurai na kwana biyar, ƙirji na nan yadda yake. Wata dattijuwar nas ce ta ja Nasiru gefe ta ce masa, "Ku kai ɗan'uwanku Sakkwato a diba zuciyatai, kada ku tsaya nan." Ban san sunanta ba. Allah Ya saka mata.

A Sakkwato sai da muka yi kwana uku kafin mu ga likitan zuciya. Ranar farko yankan kati. Rana ta biyu aka ce katin ya ɓata, aka sake wani. Rana ta uku muna kan benci tun bayan asuba har azahar ta gota. Aka liƙa wa Magaji wayoyi a ƙirji, inji ya zaro takarda mai zane. Sannan aka shigar da mu wurin likita, yaro ne da bai kai Nasiru shekaru ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya duba takardar, ya ce:

"Baba, a gidanku akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya rasu haka nan, ba tare da dogon ciwo ba?"

Na ce babu.

Magaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Baffa Sale hwa?"

Sale wana ne. Yana cikin leburorin da suka yi aikin ginin dam, ya faɗi da kwanon kankare a kansa, bai kai arba'in da biyar ba. Muka ce iskokin gulbi ne, tunda an tare masu hanya. Sai kuma ƙanena Audu, wanda ya faɗi a kasuwar Janbako yana cikin cinikin bijimi, hannunsa cikin na dillali. Shi kuma muka ce sammu ne, har muka yi shekaru ba ma gaisawa da wani gida a kan zargin da ba mu da shaida. Mahaifinmu ma a zaune ya cika, yana wasa wuƙa. Ban taɓa jera su uku a raina ba sai da yaron nan ya jera su a takarda.

Ya sa aka ɗebi jinin Magaji. Gwajin kitse na yau da kullum ya fito a ranar, ya ce ya ɗan hau amma bai kai ya bayyana wannan ciwo da waɗannan mace-macen ba. Akwai wasu gwaje-gwaje biyu da ba a yi a nan, sai an aika jinin wani gari mai nisa, mako biyu. Suna da tsada. Hajara ce ta sayar da tumakinta aka yi. Ya ba shi ƙwayoyi ya fara sha kafin nan, ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi.

Da muka koma, likita ya shimfiɗa takardar a gabana, ba a gaban Magaji ba, don ya gane wane ne mai magana a gidan. Sunan gwajin farko Afo-bi. Na biyun sunansa ya fi ƙarfin bakina, ya taƙaita mani shi da Elfi-e. Waɗannan kalmomi biyu ba za su fita kaina ba har in mutu.

Ya ce, "Baba, ka san mai da ruwa ba sa haɗuwa. To kitse ba ya tafiya shi kaɗai a cikin jini, sai jiki ya ƙulla shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙunshi. Afo-bi yawan ƙunshin nan yake ƙirgawa. In sun yi yawa, suna maƙalewa a bangon jijiya. Ka ga yadda laka ke cike kanal ɗinku kaɗan-kaɗan har ruwa ya kasa kai wa gonar ƙarshe? Haka jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa suke yi. Nasa ya hau ƙwarai."

Na ce, "Na biyun fa?"

"Na biyun wani irin ƙunshi ne mai danƙo, kuma gadonsa ake yi. Ba abinci ke kawo shi ba, ba ruwansa da mai ƙiba ko ramamme. Shi ma nasa ya hau. Na farkon muna da maganin da ke sauke shi sosai. Na biyun ba mu da abin da zai sauke shi, shi ya sa dole mu danne na farkon da ƙarfi. Zai sha maganin nan kullum, ko ya ji sauƙi kada ya bari. Kuma duk wanda kuka haɗa jini, da kai da ƙannensa, ina so ku zo a gwada ku."

A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na tashi na zagaya bayan Magaji, na kama tsatsonsa da yatsuna, na latsa kamar yadda nake latsa rago a kasuwa. Na ce:

"Likita, shekara hamsin ina hiɗa. Dabba na tsaye nika gaya maka kitsen da ke cikinta, in an buɗe a iske hakanan. Ban taɓa buɗe ramamme na iske kitse ba. Wanga yaro ko na suyar tsire guda babu jikinai."

Likita bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, sa ciyawa yake ci, kuma kuna yanka shi yana ɗan shekara biyar. Wannan shekara arba'in abin yana taruwa. Kuma ba kitsen da hannu ke taɓawa ba ne. Ka taɓa tsaga jijiyar zuciyar mutum ka duba?"

Gaskiya ya tambaya, amma ni abin da na ji shi ne yaro ya ƙure ni a kan sana'ata a gaban ɗana. A mota muna komowa na ce wa Magaji, "Yaro na, littafi kawai yas sani." Zancen a gwada mu kuwa, ban ko kai shi gida ba.

Mako uku yana shan maganin. In faɗi gaskiya, ɗaurewar ƙirjin ta ragu. Amma cinyoyinsa suka riƙa yi masa tsami, kuma Hajara ta koma yi masa abinci ba man shanu, ba kakiɗe, sai ganye da wake da kifin dam. Mutumin da dama ba shi da jiki ya ƙara zubewa. 'Yan'uwa suka fara zuwa dubiya, kowa da tasa. Wani ya ce saiwa, wani ya ce rubutu, wani ya ce a kai shi wurin wani mai magani a Bakura. Gwaggonsa, ƙanwata, ta dube shi ta juyo ta ce mani, "Yaya, kana da nama ga teburi ɗanka na bushewa awa kilishi? Mi mutane za su ce?"

Wannan magana ta shige ni. Na yi lissafi irin nawa. In akwai mugun abu a jini, ai wanzami na fitar da mugun jini tun kafin a haifi likita. In kuma mutum ya rame, mahauci ya san abin da ke tada ramamme. Na kira Magaji zaure na ce ya ajiye ƙwayoyin nan, suna cinye shi.

Ya ce, "Baba, likita ya ce ko na ji sauƙi..."

Na ce, "Ni na haihe ka ko likita?"

Ya ce, "To, Baba."

Washegari Mamman wanzami ya zo da zabirarsa. Ya kafa masa ƙaho shida a baya da biyu a ƙirji, ya tsattsaga, ya zuƙa. Da ya ɓalle su ya juye a sakaina, sai ga jini baƙi, guda-guda. Ya miƙo mani ya ce, "Diba, ga lakar da likita ka hwaɗi, ta hito." Na san jini. Na san duk jinin da ya fita ya tsaya sai ya yi baƙi ya daskare, kullum ina ganinsa a mayanka. Amma a ran nan na ga abin da nake so in gani.

Daga nan na shiga kiwonsa. Kullum in an yanka, da hannuna nake ware masa tozo da ɓargo, in aika da kai da ƙafa a yi masa romo. Na ce a mayar da man shanu cikin tuwonsa. Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari ne, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa ba. Wannan naman shi ne kawai hanyar da na sani ta nuna masa abin da ke raina.

Hajara ta zo ta durƙusa bayan labulen zaure, ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, a yi mani aikin gahwara. Ko a bar shi shina shan maganin, shina cin naman?"

Na ce, "Ke kin san kitse, ko ni?"

Ta ce, "Allah Shi ba ka haƙuri, Baba." Ta tashi.

Sai bayan rasuwarsa ta gaya mani cewa ta ɓoye ragowar ƙwayoyin, ta riƙa miƙa masa a ɗaki inda ba mai gani. Ya ƙi karɓa. Ya ce mata, "Baba ya hana. Ba ni cewa to gabanai in saɓa bayanai."

Kuma ya yi kumari. Kumatunsa suka ciko, ya koma mayanka, ya koma gona. Abokan sana'a suka riƙa ce mani, "Kai ne likitan, wancan ɗan koyo na." Na ji daɗi. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Likitan nan, da duk tarin mutanen da ke gabansa, ya kira wayar Nasiru har sau biyu yana tambaya. Na ce a gaya masa an warke, an gode. Ashe ƙirjin ya dawo yana ɗaure Magaji fiye da da, har yana zaune. Ya ɓoye, don kada ya ƙaryata ni.

Wajen mako bakwai da ƙahon, ana yankan shinkafa, da hantsi, abin ya buge shi a gona. 'Yan ƙwadagon da ke yi masa aiki suka ce ya zauna a kan dami, ya yi amai, zufa ta jiƙa masa riga kamar an tsamo shi daga kanal. Suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Kafin a kai shi asibitin garin, a nemo mota, a kama hanyar Sakkwato, a samu gado, rana ta yi sanyi.

Likitan nan ne ya karɓe mu. Ya tambayi Nasiru yaushe aka bar maganin, Nasiru ya dube ni, likita ya gane. Ya juya ya ci gaba da duba Magaji. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Bayan kwana biyu ya kira ni ofishinsa ya ce jijiya ɗaya ta toshe gaba ɗaya, kuma naman zuciyar da take shayarwa ya mutu, babban yanki. Akwai aikin da ake yi a buɗe jijiya, amma a gari mai nisa, kuma a sa'o'in farko yake ceton naman. Na ce za mu sayar da gonar. Ya ce, "Baba, ba zan hana ku ba, amma ba zan ruɗe ku ba. Abin da ya mutu ba zai dawo ba. Abin da ya rage za mu lallaɓa." Zuciyar dabba nawa na riƙe a tafin hannuna. Ban buƙaci ya ƙara bayani ba.

Mako biyu muka yi a asibiti. Akwai masu kirki a wurin, akwai kuma waɗanda in ka yi masu magana kamar ka roƙe su abin gidansu. Ranar da numfashinsa ya yi tsanani aka ce tukunyar iska ta ƙare, Nasiru ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan kafin a samo wata. Rabin magungunan babu su a ciki, sai an fita gari. Amma wata mai shara ta riƙa kawo wa Hajara ruwan zafi daga gidanta kullum, ba ta san mu ba, ba ta karɓi kome ba.

Aka sallamo mu da leda cike da magani. Wannan karon ni nake ƙirga masa ƙwayoyin in tsaya sai ya haɗiye. Makon farko a gida yana iya takawa zuwa zaure. Mako na biyu sai ƙofar ɗaki. Ba ya iya kwanciya miƙe, numfashi ya tsaya masa, sai aka kifa turmi aka ɗora matashi yana jingina. Abinci ba gishiri, ruwa da awo. 'Yata Rabi, wadda ke aure a Bakura, ta zo ta zauna tana taya Hajara, ɗaya na fifita ɗaya na dama kunu.

A mako na huɗu ƙafafunsa suka kumbura, sai ciki, sai fuska. Masu dubiya suka riƙa cewa, "Ma sha Allah, jiki ya yi kyau, har ƙiba ya yi." Bayan sun fita na durƙusa na latsa ƙaurinsa da babban yatsa. Wurin ya lotsa, bai taso ba. Ruwa ne. Wannan kam hannuna ya sani.

Magaji na kallona. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, da bijimi na niz zama, ka taya?"

Na ce, "Ba ni saye."

Ya ce, "Ashe dai ka san kaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa na ce masa, kaina a ƙasa, "Ka yahe mani. Ni na hana ka magani."

Ya ce, "Baba, bari wagga magana. Kwana na ya ƙare. Kuma tozon ya yi daɗi." Ya huta, ya jawo numfashi, ya ce, "Abu guda nika roƙo. Ka kai Nasiru da Rabi a gwada su. Yara in sun girma, su ma."

Na ce na yi alkawari.

Mun koma Sakkwato sau biyu aka ƙara masa maganin fitsari, kumburin ya sauka ya sake dawowa. Daga baya tafiyar ma ta gagara, ramukan hanya sun fi ƙarfinsa. Mako na goma sha ɗaya da faɗuwarsa, ranar Alhamis bayan la'asar, yana jingine da turmin nan, Hajara na ba shi kunu a cokali, ya kawar da kai ya yi salati. Ina tsakar gida ina alwala. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan an share makoki na tafi Sakkwato ni kaɗai na miƙa hannuna. Mako biyu takarda ta fito. Afo-bi ya hau. Elfi-e ya hau, har ya ɗara na Magaji. Likita ya ce, "Ga alama ta wurinka ya samo, Baba, kai kuma daga mahaifinku. Ba laifin kowa ba ne, ba wanda ke zaɓen jininsa."

Na ce, "To ni mi ya sa nike nan, na haura saba'in, shi ya tahi?"

Ya ce, "Ban sani ba. Gwajin ba ya faɗin ranar mutum. Haɗari kawai yake nunawa, don a tare shi da wuri."

Yanzu ni nake shan ƙwayoyin da na hana ɗana. Tsohon da ya gama cin zamaninsa ake lallaɓa wa jijiya.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In a gidanku maza na faɗuwa suna mutuwa da sauran ƙarfinsu, kada ku tsaya ga iska da sammu, ku faɗa wa likita duka, ku nemi a yi maku wannan gwajin ko da za a aika jinin nesa. Rama ba shaidar lafiya ba ce. Ƙaho ba ya kai wa inda abin yake. In magani ya sa tsamin jiki, likita za a koma wa ya canza, ba ajiyewa za a yi ba, wannan ma sai daga baya na sani. Kuma dattijon da ake ce wa "to" a gidansa ya ji tsoron Allah a kan abin da bai sani ba, don akwai 'ya'yan da za su bi maganarsa har kabari.

Saura alkawarin. Rabi ba ta yi gardama ba, mijinta ma ya ce a je. Nasiru ne. Tun ranar jana'iza bai ɗaga mani murya ba, bai fasa gaishe ni ba, kuma shi ke riƙe da teburi da gonar da 'ya'yan ɗan'uwansa. Amma in na kawo zancen gwaji sai ya ce "to" ya fita. Na sa liman ya yi masa magana, na sa sarkin fawa. Duk ya ce masu to. Wata rana bayan an tashi kasuwa na tare shi yana wanke wuƙaƙe.

Na ce, "Nasiru, ɗan'uwanka ya bar wasiyya."

Ya ce, "Na ji, Baba."

"To yaushe?"

Ya ci gaba da wanki. Can ya ce, "Likita da bakinai yac ce na biyun ba ya da magani. In sani in yi mi da shi? In riƙa saurare ƙirjina kullum ina jiran rana?"

Na ce, "Na farkon na da magani. In an danne shi ana daɗewa."

"Yaya ya sha."

"Ni na hana shi."

Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Wancan karon ma da tabbaci ka yi magana, Baba."

Lokacin da nake kan kuskure an bi ni ba musu. Yanzu da nake da gaskiya, maganata ba ta da nauyin da za ta ɗaga mutum ɗaya zuwa tasha.

Litinin da ta wuce Rabi ta kwana a gida don mu yi sammako. Na gaya wa Nasiru tun da yamma, ya ce Allah Ya kai mu. Na kama mana kujera uku a motar Sakkwato. Mota ta cika saura tasa. Fasinjoji suka fara gunaguni, wata mata ta ce tana da layin asibiti ita ma. Ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Baba, ina na ukun? Rana na yi."

Na ce a ƙara jira kaɗan. Aka jira. Rabi ta kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ce a hankali, "Baba, mu tahi. Ba shi zuwa."

Na ce wa ɗan kamasho ya ba wani kujerar. Wani mai buhun albasa ya shiga. Da za mu tashi na roƙi direba ya bi ta gaban mayanka, ya rage gudu. Mutumin kirki ne, ya bi. Nasiru na duƙe a kan wani bijimi, hannun riga a naɗe, yana fiɗa. Ya ɗago ya ga motar, ya gan ni ta taga. Ya ɗaga mani hannu irin na a sauka lafiya, ya koma kan aikinsa.